Yadda Kurege Ya Ɗinke Kansa a Bargon Kura

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

To, tana tafe, amma ba da gudu za ta zo ba, don haka ku gyara zama. Ke Tabawa, bar tsokanar wutar nan da kara, ba inda za ta. Duk wanda ya ce mini "sai me kuma?" kafin in kai wurin, shi zai kwashe tokar gobe.

Wata shekara ce Kura ta kamu da ciwon ƙugu. Ta daɗe tana kwana a kan falalen dutse a kogonta, har dutsen ya gama da ita. In ta tashi ta ce wash, in ta zauna ta ce wash. Ana nan ana nan, rannan ta tare wani falke da jakinsa a hanya. Falke ya yar da sanda ya ranta a na kare. Kura ta cinye jakin, ta leƙa mangala, sai ga buhun gyaɗa, ga damin auduga, ga ƙunshin ƙyallaye kala-kala. Gyaɗa dai ba abincin Kura ba ce. Amma da ta taɓa audugar nan ta ji laushi, sai ta ce, "Yawwa, ƙuguna ya sami magani."

Ta kwashi auduga da ƙyallaye, sai gindin tsamiya, wurin Baba Kunkuru. Shi ne maɗinkin dajin nan. Aikinsa ya harhaɗa ƙyallaye, ya shimfiɗa auduga a tsakani, ya bi da ɗinki layi-layi har abin ya zama bargo mai taushi, ka kwanta a kai ko ka lulluɓa. Wanda duk ya taɓa kwana a kan aikinsa ba ya kushe shi. Laifinsa ɗaya ne, nawa wajen aiki.

Kura ta dire kaya ta ce, "Baba, bargo nake so mai kauri, wanda zan kwanta ƙuguna ya sake ni. In ka gama, akwai buhun gyaɗa a kogona, naka ne."

Kunkuru ya miƙo wuya, ya shinshina audugar, ya mai da wuya. Ya ce, "Kwana arba'in."

"Arba'in! Baba, gida na ce ka gina mini?"

"Audugar nan da 'ya'yanta take," in ji Kunkuru. "Sai an gurje ta an fitar da angurya, in ba haka ba a kan tsakuwa za ki kwanta. Sai an shiɓe ta ta tashi. Sai an shimfiɗa ta daidai tsakanin ƙyalle biyu. Sai an ɗora miƙaƙƙen kara an ja layi da gawayi. Sannan a zauna a bi layin da ɗinki ƙanana, don kada audugar ta riƙa yawo a ciki. A soka, a duba, a ja. A soka, a duba, a ja."

Kura ta ja tsaki har sai da ganyen tsamiya ya motsa.

To, a ƙarƙashin saiwar tsamiyar nan Kurege yake da raminsa. Duk wannan dogon bayani, kunnensa bai kama komai ba sai buhun gyaɗa. Yawunsa ya tsinke. Ya fito tsulum, ya durƙusa a gaban Kura.

"Gwaggo Kura, barka da hantsi. Yaya ƙugu?"

"Yana nan yana kashe ni."

"Ai na ji, Gwaggo, har tausayi ya kama ni. Kwana arba'in! Kafin nan ai sai dai a shimfiɗa wa masu zuwa sadakar arba'in ɗinki."

Kura ta harare shi. "Kai ɗan mitsitsin nan, ka iya ɗinki ne?"

"Ni? Shekara nawa ina maƙwabtaka da Baba? Duk abin da yake yi, a idona yake yi. Abin da zai yi a kwana arba'in, ni kafin la'asar na nannaɗe miki shi."

Gaskiya ne yana ganin Kunkuru yana aiki. Sai dai bai taɓa zama ya ga layi ɗaya daga farko har ƙarshe ba, don gindinsa ba ya zama wuri ɗaya.

Kura ta ce, "Na yarda. In na kwanta na ji daɗi, gyaɗa taka ce. Amma ka buɗe kunnenka. In na kwanta a kansa na ce wash sau uku, kai zan ci."

Kurege ya haɗiye yawu. Ya tuna haƙoran Kura, ya tuna buhun gyaɗa, buhun gyaɗa ya rinjaya. Ya ce, "Ko sau ɗaya ba za ki ce ba, Gwaggo."

Kunkuru bai yi fushi ba, don shi fushi ma sai ya kwana biyu kafin ya iso masa. Ya turo kayan aiki ya ce, "Ga basilla, ga zare, ga kara da gawayi. Ɗan nan, ka riƙa dubawa."

Kurege ya suri basilla da zare, ya bar kara da gawayi a nan, ya ce nauyi za su yi masa.

Aka kai kaya ƙofar kogo. Kura ta jingine buhun gyaɗa a inda zai riƙa gani, ita kuwa ta tafi rafi ta gasa ƙugu a yashi mai zafi.

Kurege ya ɗauki auduga cikin hannu ɗaya ya fara cire angurya. Ya cire ɗaya, ya cire biyu, ya cire uku. Ya dubi damin, ya dubi rana, ya dubi buhu. Ya ce, "Wa zai leƙa cikin bargo?" Ya mayar da ukun ma ciki. Shiɓa kuwa, hawa kan damin ya yi, ya yi tsalle sau biyu, ya ce ta shiɓu. Ya harhaɗa ƙyallaye yadda suka zo hannu, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kamu guda, ya ce ai Kura ma ba daidai take ba. Ya juye auduga a tsakiya tuli guda, ya baza ta da ƙafa, ya rufa ƙyalle na biyu.

Sai aka zo jan layi. Ba kara, ba gawayi. Komawa tsamiya kuwa ɓata lokaci ne. Kurege ya sosa kunne, ya dubi jikinsa, ya ce, "Ni ɗin ma ai miƙaƙƙe ne." Ya kwanta rub da ciki a kan bargo, ya miƙe daga hanci har jela, ya riƙa bin gefen jikinsa da basilla. In ya gama layi, ya mirgina gaba, ya sake miƙewa.

Soka, ja! Soka, ja! Soka, ja!

Kun ji abin da ya ɓace a ciki? Yawwa, Laraba ta ji. Duba ce babu. Hannu yana kan bargo, ido yana kan buhu. Tsakanin suka da suka, ɓera zai wuce bai sunkuya ba. Shi kuwa sai yabon kansa yake, yana cewa Baba Kunkuru ya daɗe yana cutar jama'a.

Azahar ta wuce, inuwa ta fara tsawo. Saura layi biyu a bakin bargo, sai ya jiyo dariyar Kura daga wajen rafi. Ya ce mirginawa ma ɓata lokaci ce. Yana kwance a wuri ɗaya ya bi gefen dama, soka, ja, ya zagayo ta jela, soka, ja, ya bi gefen hagu, soka, ja. Ya ji ana ɗan jan gashinsa, ya ce ƙaiƙayin auduga ne. Ya ƙulle zare ƙulli uku, ya datse da haƙori, ya yi jifa da basilla cikin ciyawa.

Kura ta iso. Kurege ya yunƙura zai tashi ya tarye ta, sai bargo ya tashi tare da shi. Ya koma ya kwanta, bargo ya kwanta. Ya sake yunƙurawa, bargo ya sake biyo shi. Ya duba jikinsa. Ashe ya haɗa da gashin haƙarƙarinsa dama da hagu, ya haɗa da jela, duk ya ɗinke su tsaf. A duk faɗin bargon nan, nan ne kawai ɗinki ya kama da kyau.

"An gama?" in ji Kura.

"Tun ɗazu, Gwaggo."

"To sauka in gani."

"Ai ba a sauka, Gwaggo. Al'adar maɗinka ce. Ranar farko maɗinki yana zama a jikin aikinsa, ko za a ga wurin gyara."

"Ban taɓa ganin Baba Kunkuru ya yi haka ba."

"Shi ya sa yake kwana arba'in."

Kura ba ta gane ba, amma ba ta so a ce ba ta gane ba. Ta ɗaga kai kawai, ta hau bargo, ta baje. Angurya ta tokare ta ta ko'ina.

"Wash!"

"Sannu, Gwaggo, maganin ne ya fara aiki," in ji Kurege da sauri. "Tausa ce. Da gangan na bar su, kowace ƙwaya da jijiyar da take nema."

Kura ta yi gurnani, ta juya ɗaya gefen. Da ta juya, audugar da ba abin da ya riƙe ta sai ta sulale gaba ɗaya ta taru can wajen Kurege, ta bar ƙyalle fayau. Ƙugun Kura ya daki ƙasa, tim.

"Wash!"

"Kin gani? Da kansa yake yi miki matashi."

"Matashi a ƙafa?"

"Ke kika kwanta a juye, Gwaggo."

Kura ta juyo da kanta inda tulin audugar yake. Shi ke nan, ga bakinta, ga Kurege, numfashinta yana kaɗa masa gashin baki. Ta zuba masa ido. Ta ga angurya tana zubowa ta tsakanin ɗinki, ta ga farin zare ya bi gefen cikinsa ya shige ƙyalle. Sai ta fashe da dariya har da hawaye.

"Kai, ashe ɗinke kake! Allah sarki, ɗan albarka. Abincin ma har ɗaure mini shi aka yi. Saura wash ɗaya, kuma ina jin sa yana tahowa."

Tsoro ya kama Kurege sosai, na gaske. Ya manta da gyaɗa. Can sai ya jiyo kukan akuya daga wajen burtali, hanyar da dabbobin ƙauye suke bi in sun dawo kiwo. Ya dubi anguryar da ta zube. Ya ce a ransa, akuya ba abin da ba ta ci. In ta zo cin angurya za ta haɗa da ƙyalle, in ta ci ƙyalle za ta haɗa da zare.

"Gwaggo, riƙe wash ɗin nan tukuna. Me akuya ta fi so a duniya?"

Kunnen Kura ya miƙe. "Me?"

"Angurya. Ni da na so in ɓoye miki sai gobe. Bargon nan ba na kwanciya kaɗai ba ne, mai kiran awaki ne. Mai ciwon ƙugu ina ita ina farauta? Ki shimfiɗa shi a burtali, ki shige ƙarƙashi, su za su kawo kansu."

Kura ta haɗiye wash ɗin da ya zo mata maƙogwaro. Ta ciji bakin bargo ta ja shi har burtali, Kurege yana karo da kowane dutse a hanya yana cewa ba komai. Ta shige ƙarƙashi ta lafe. Ya ce ta janye jela, ta janye. Shi kuma yana sama yana gadi, ba don yana so ba.

Awaki suka zo, suka shinshina daga nesa, suka ji warin Kura, suka canza hanya. Kurege ya bi su da ido kamar ya yi kuka. Sai ya ji ƙasa tana ɗan girgiza. Ya waiga, sai ga garken shanu, wani ƙaton bijimi a gaba. Ku kuwa kun san yadda saniya take da angurya. Bijimi ya ɗaga hanci, ya miƙo kai tsaye.

Kura ta yi raɗa daga ƙasa, "Sun zo?"

"Sun zo, Gwaggo."

"Masu ƙiba?"

"Ƙiba kai! Ba ki taɓa ganin irinsu ba."

"In fito?"

"A'a, ki bari su taru."

Bijimi ya lashe anguryar da ke ƙasa, ya ji daɗi. Ya ga sauran tana ciki. Ya ɗaga kofato ya danne bargo don ya yage shi, kofaton kuwa bai sauka ko'ina ba sai tsakiyar ƙugun Kura.

"Waaash!"

Na uku ke nan. Kura ta zabura, bijimi ya firgita ya kai suka, ƙahonsa ya shige ta tsakanin ɗinkin nan mai faɗi. Ya ɗaga kai, bargo ya tafi sama, da auduga da Kurege da komai. Bijimi ya zuba a guje, garke ya bi shi, kowace saniya kuwa sai da ta bi ta kan Kura. Kurege yana reto a ƙaho, auduga tana tashi, yana kiran sunan kakanninsa ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka zo daidai tsamiya bijimi ya girgiza kai, bargo ya fita, ya faɗo jagwab a gaban Baba Kunkuru.

Kunkuru ya miƙo wuya. Ya dubi bargo daga wannan baki zuwa wancan baki. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Layin nan ya karkace."

"Baba, ka rufa mini asiri, kwance ni! Ta ce wash na uku!"

"Ina basillata?"

"Tana nan, Baba, tana cikin ciyawa, na adana ta."

Kunkuru ya ɗauko wata allura, ya matso. Ya taɓa ƙullin ya ce, "Ƙulli uku. Wannan kam ka ƙulla da kyau." Ya sa tsinin allura ya fara daga jela. A duba, a zare. A duba, a zare.

Kurege ya ɗaga kai, sai ya hango Kura can wajen wata bishiyar kuka, tana tafe tana jan ƙugu.

"Baba, yi sauri!"

"In na yi sauri, da fatarka zai fito."

A duba, a zare. Kurege ya sake ɗaga kai, Kura ta wuce kuka ta kawo wajen suri.

"Baba, don girman Allah!"

"Daina motsi, kana ƙara mini aiki."

A duba, a zare. Jela ta fita. Saura dama da hagu. Kura kuwa ta wuce suri, har ana jin haƙoranta suna haɗuwa.

"Baba, sa wuƙa!"

Kunkuru ya ce, "In na yanka ta gefen ƙyalle, zaren zai zauna a jikinka. In ka yi haƙuri, in zare maka shi tas, ko alama ba za a gani ba."

"Zuwa yaushe?"

"Jibi."

"Yanka, Baba, yanka!"

Kunkuru ya sa wuƙa ya bi dama, ya duba, ya bi hagu. Kurege ya yi wuf ya faɗa rami, Kura ta kai cafka, ta cika baki da ƙasa. Ta tofar, ta zauna a bakin ramin tana haki. Ta dubi ragowar bargonta, ta dubi Kunkuru. Da ta huce, sai ta ce a hankali, "Baba, kwana nawa ka ce?"

"Arba'in da biyar."

"Da safe arba'in ka ce."

"Biyar ɗin na farke aikin wancan ne."

Kura ba ta ja tsaki ba wannan karon. Ta je ta tsince audugar da ta watse a burtali, ta nemo basilla a ciyawa, ta kinkimo buhun gyaɗa ta kawo tun kafin a fara. Kunkuru ya gurje, ya shiɓe, ya shimfiɗa, ya ja layi. A soka, a duba, a ja. Ranar kwana arba'in da biyar Kura ta kwanta a kan bargo, ba ta ce wash ba, sai minshari. Ƙugun dai bai sake miƙewa ba, tun da shanu sun riga sun yi aikinsu, shi ya sa har gobe bayanta yake a ƙasa.

Gyaɗa kuwa, a bakin ramin Kurege Kunkuru yake zama da yamma yana cin abarsa. A ɓare, a duba, a ci. Ɓawo yana gangarawa cikin rami, Kurege yana ciki yana shinshinawa, baƙin ciki kamar ya kashe shi. In Kunkuru ya ga ba kowa, sai ya ce, "Ɗan nan, fito in cire maka zaren nan. Kwana biyu ne kawai." Kurege ya fito, ya tsaya a kan ƙafa biyu, ya ɗaga hannu. Kunkuru ya sa allura, ya duba. Kafin ya zare, ganye ya motsa, ko wata ƙwayar gyaɗa ta gangara, fit, Kurege ya tafi.

Har yau ba a cire ba. In kun ga Kurege a bakin gona, ku dubi gefen cikinsa, za ku ga farin layi dama da hagu. Zaren bargon Kura ne. Zai tsaya a kan ƙafa biyu kamar mai jiran a zare masa, ku ɗan matsa kusa ku ga ko zai jira.

Ƙurunƙus, kan kurege da zare a haƙarƙari. Wanda duk zai ɗinka bargo a cikinku, ya fara sanin inda jelarsa take. Ku da ba ku da jela, ku kama bakin zanenku. Ke Tabawa, ɗinkin da kika yi wa rigarki jiya, kawo shi gobe da safe in duba, don na ga kina tafiya a karkace.